Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Shugabannin Gidan Rediyon Omdurman



Bayan gaisuwa da jajen yaƙin da ya same mu tun 15 ga Afrilun 2023, ina da roƙo a madadin tsofaffin 'yan ƙungiyar waƙa ta kwalejinmu.

Tun 1940 gidanku ke adana muryoyin ƙasar nan. A nan aka ɗauki muryar A'isha Alfallatiya, 'yar gidanmu Hausawa, wadda ta buɗe wa mata ƙofar waƙa a rediyo. Mu ma, ƙananan ɗalibai a lokacin, an ɗauki namu amshin a faifai kafin mu fita rangadi. Mun je Wad Madani, mun je Sinnar, muka gangara Mai Wurno. Can ne dattawa suka ƙi yarda mu sauka daga dandali sai mun ƙara musu waƙa da Hausa, alhali Larabci kawai malaminmu ya shirya mana. Haka muka haɗa ta nan take, muryoyi a dishe saboda ƙurar hanya.

Yau wasunmu suna Alƙahira, wasu Kano, wasu sun riga mu gidan gaskiya. Mu da muka rage a Alsawra mun ji irin ɓarnar da yaƙi ya yi wa gininku kafin sojoji su karɓe shi a watan Maris 2024.

Don Allah ku sanar da jama'a abin da ya tsira a ɗakin ajiyar faya-fayai. A kwafe shi cikin kwamfuta, a ajiye wani kwafin a wajen Khartum. Idan takardun jikin faya-fayan sun ɓace, ku kira mu. Muna gane muryoyin juna.

Naku,
wani tsohon ɗan amshi,
Alsawra, Omdurman.