Sunan da muke kiran yaro, shi yake zama

Kafin yaro ya san kansa, mu muke faɗa masa ko shi wane ne. Ranar suna a raɗa masa na yanka, sannan gida ya ƙara nasa: Tanko in ya biyo mata, Kande in ta biyo maza, Auta in shi ne na ƙarshe. Kowane laƙabi yana nuna masa gurbinsa cikin dangi. Tun 1902 wani masani ɗan Amurka, Charles Cooley, ya bayyana cewa mutum yana ganin kansa ne a idon mutane, kamar mai duba madubi.

To, wane madubi muke miƙa wa yaron Tasawa ko Mayahi ranar da ya shiga ajin CI? Ya zo da harshen da yake tatsuniya da kacici-kacici da shi, sai mushe ya ce a bar shi a bakin ƙofa. Mu da muka yi lakwal a da, ba mu manta da sambol ba, abin nan da ake rataya wa wanda bakinsa ya suɓuce ya yi Hausa. Ni ma da na fara koyarwa na taɓa ce wa wani yaro jaki don ya kasa karanta jimla ɗaya. Har shekara ta ƙare bai sake ɗaga hannu ba, abokansa kuma suka riƙe sunan. Laifina ne.

A watan Maris na 2025 hukumomin Nijar suka mai da Hausa harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuwa harsunan aiki. Abin farin ciki ne, amma doka tana Yamai, yaro yana gaban allo. Ba na cewa a yar da Faransanci. Yaranmu suna bukatarsa. Sai dai wanda aka koya wa jin kunyar harshen uwarsa, da kansa ma zai yi kunya.

Malamai, mu gyara kuskuren, mu bar mutuncin yaro. Iyaye, mu daina "ba ka da amfani" da "dubi ɗan wane". Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma a kula kada a karya.