Sama ta Abuja ce, amma daga ƙasa jirgi ke tashi

Idan jirgi marar matuƙi ya yi shawagi a kan kasuwar Talata Mafara, wa zai iya gaya wa mai sayar da hatsi ko na wane ne? Yana iya zama na soja, ko na injiniya, ko na mai ɗaukar hoton biki, ko na wani mai mugun nufi. Babu ofishin da talaka zai je ya tambaya, kuma wannan shirun ba ƙaramin laifi ba ne.

Hujjar ƙananan hukumomi a shirye take: harkar sufurin sama tana cikin jerin abubuwan da Tsarin Mulkin 1999 ya keɓe wa Gwamnatin Tarayya kaɗai. Tun 2016 hukumar kula da sufurin sama, NCAA, ta hana tayar da irin waɗannan jirage sai da izininta da amincewar Ofishin Mai Ba Shugaban Ƙasa Shawara kan Tsaro. Bayan sace ɗalibai mata 279 a Jangebe, cikin ƙaramar hukumar Talata Mafara, a Fabrairun 2021, Shugaba Buhari ya haramta shawagin jirage a sararin Zamfara. Duk wannan gaskiya ne. Sai dai gaskiya ce da aka mayar mafakar lalaci.

Wannan tsarin mulki dai, a jadawalinsa na huɗu, shi ne ya damƙa wa ƙananan hukumomi kasuwanni da tashoshin mota da maƙabartu, ya kuma ba su hannu a makarantun firamare. Jirgi ba daga gajimare yake fitowa ba. Daga fili yake tashi, a fili yake sauka. Wanda ke da ikon cewa a ina za a kafa rumfa, yana da ikon cewa daga wace haraba za a tayar da na'ura, kuma sai an sanar da wa.

Me ya hana majalisun Talata Mafara da Bakura da Maradun su haɗu kan ƙa'ida guda? Duk farar hula da zai tayar da jirgi daga filin hukuma ya nuna takardarsa ta tarayya a sakatariya, a rubuta sunansa, a sanar da hakimi da mai unguwa kafin ranar. A hana shi tashi daga harabar makaranta, a hana shi leƙa gidajen mutane, domin katangar Bahaushe an gina ta ne don ta tare idon mai tafiya a ƙasa, ba idon da ke bisa ba. Kuma kada a ɗora ko kwabo a kan wannan rajista. Ranar da ta zama hanyar kuɗin shiga, ranar ta mutu.

Masu cewa a haramta gaba ɗaya su dubi Bakolori. Madatsar da aka kammala a 1978 tana shayar da gonaki a waɗannan ƙananan hukumomi uku, kuma jirgi ƙarami zai zagaya magudanan ruwa cikin sa'o'i, aikin da ma'aikaci zai kwana yana yi cikin fargabar 'yan bindiga. Amma Bakolori tana da wani darasin: a 1980 an zubar da jinin manoman da suka nemi diyyar gonakinsu, saboda an kawo ci gaba ba tare da an saurare su ba.

Tsoron jama'a kuwa ba ƙauyanci ba ne. A Disamban 2023, jirgin soja marar matuƙi ya hallaka masu Mauludi sama da 80 a Tudun Biri, Jihar Kaduna. Dokar ƙaramar hukuma ba za ta ɗaure soja ba. Abin da za ta yi shi ne ta rage duhu: idan an san jiragen farar hula, wanda ba a sani ba zai fito fili, a kai rahotonsa. Shugaban ƙaramar hukumar da ya ce wannan ya fi ƙarfinsa, sai a tambaye shi wane iko yake amfani da shi ranar karɓar kuɗin rumfa.