Littafi Na Biyu Bashi Ne A Wuyan Marubuci

A ɗauki misalin Bahaushiya mai karatu a unguwar Dar Salam, yammacin Omdurman, inda yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya sa wutar lantarki da intanet suka yi wuya. Da ƙyar kashi na biyu na wani littafin aljanu da soyayya ya iso wayarta. Ta karance shi da zuciya biyu: ta yi murnar sake ganin jarumi da gimbiyarsa, ta kuma ji an yi mata wayo. A kashi na farko aljani ya sace gimbiya, a na biyu boka ya sake sace ta, sannan aka ce a tara a na uku.

Masu kare wannan salo suna kafa hujja da Dare Dubu Da Ɗaya. Hujjar ba ta zauna ba, domin Shaharzad tana katse labari ne don ta tsira da ranta. Abubakar Imam ma ya fitar da Magana Jari Ce kashi uku tsakanin 1937 da 1939 ba tare da maimaita kansa ba: a na farko Aku yana tsare Musa da labarai, a na biyu gasa ce tsakanin aku biyu, a na uku Waziri Aku yana koyar da ɗansa Fasih.

Saboda haka takaicin wannan mai karatu nazari ne sahihi, ya kamata ɗalibai su riƙe shi ma'auni. In masoya suka ƙare kashi na biyu a inda suka fara shi, marubuci bai biya bashin da ya ɗauka ba.