Abin Da Ya Sa Jinya Ta Yi Tsada A Nijeriya

Ranar 31 ga watan Disamba na 1983, sa'ad da Birgediya Sani Abacha ya yi jawabin juyin mulki ta gidan rediyo, cikin laifuffukan da ya ɗora wa gwamnatin farar hula har da cewa asibitocin ƙasar nan sun koma wuraren ganin likita kawai, babu magani, babu ruwa, babu kayan aiki. Yau fiye da shekara arba'in ke nan da yin wannan jawabi, kuma kukan jama'a ya sake salo. Maganin yana nan jibge a kanta, sai dai kuɗinsa ya fi ƙarfin mai bukata. Ma'aikacin gwamnati mai fama da hawan jini, wanda a da yakan sayi maganin wata guda ranar da albashi ya fito, ya koma sayen na mako, wani kuwa tsallake kwana yake yi don ƙwayar ta kai shi ƙarshen wata.

Mutane da yawa suna ɗora laifin a kan masu kemis da asibitocin kuɗi, suna cewa zari ne kawai. Babu shakka ba a rasa masu zari a cikinsu, amma wanda ya tsaya a nan bai kai ga inda gizo yake saƙa ba. Asalin maganar ita ce Nijeriya da dalar Amurka take sayen kayan lafiyarta, alhali kuwa majinyacin da zai biya Naira yake samu.

An ƙiyasta cewa kimanin kashi 70 cikin 100 na magungunan da ake sha a ƙasar nan daga ƙetare ake odarsu, galibi daga Indiya da Sin. Sauran da ake haɗawa a masana'antun Legas da Ogun da wasu wurare, su ma kusan dukkan sinadaransu shigo da su ake yi. Haka abin yake game da yawancin kayan gwajin jini, da zaren ɗinki, da na'urorin hoto da kayan gyaransu. Saboda haka da Babban Bankin Nijeriya ya saki Naira a watan Yuni na 2023, ta faɗo daga wajen Naira 460 a kowace dala har ta wuce 1,500 a farkon 2024, duk wanda ya san kan ciniki ya san abin da zai biyo baya. Ɗan kasuwar da ya sayar da kayansa a kan tsohon farashi ba zai iya sake odar ko rabinsu ba, don haka sai ya riƙa sa kuɗi bisa ga abin da yake tsoron dala za ta kai gobe.

Wannan ba sabon abu ba ne ga dattawan ma'aikata. A 1980 Naira ɗaya ta fi dala ɗaya daraja. Da gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta ɗauki shirin gyaran tattalin arziki, watau SAP, ta buɗe kasuwar canji a watan Satumba na 1986, kafin shekarar ta ƙare dala ta wuce Naira 3. A wannan zamani ne biyan kuɗin kati da na magani ya zauna da gindinsa a asibitocin gwamnati. A 1987 ministocin lafiya na Afirka suka amince da shirin Bamako, wanda ya tanadi cewa a riƙa sayar wa jama'a magani a ɗakunan shan magani, a juya kuɗin a sake sayo wani. Dabara ce mai kyau muddin farashi yana zaune. In kuwa kuɗin ƙasa yana zubewa, jarin sai ya riƙa narkewa, abin da aka tara bana ba zai cika kantar baɗi ba. Darasin da ba a ɗauka ba ke nan, aka yi shekara talatin da bakwai ba a kafa masana'antun sinadaran magani da za su rage dogaro da ƙetare ba, har guguwar ta sake dawowa.

Ƙarancin dala ya kuma kori wasu manyan kamfanoni. A watan Agusta na 2023 kamfanin GSK na Ingila, wanda ya yi shekara 51 a ƙasar nan, ya ba da sanarwar cewa zai daina harka da kansa, zai miƙa rarraba kayansa ga dillalai. Kamfanin Sanofi na Faransa ya bi sahu bayan 'yan watanni. Nan da nan farashin magunguna irin su Augmentin da Ventolin, abin shaƙar masu ciwon asma, ya ninka sau da yawa. Masu masana'antu na gida, waɗanda ya kamata su cike gurbin, su ma hannunsu a ɗaure yake, domin a ƙarshen 2024 Babban Banki ya kai kuɗin ruwa kashi 27.5 cikin 100, bankunan kasuwanci kuwa sama da haka suke ba da rance.

Sa'an nan ga batun wuta. Asibiti ba ya barci, ɗakin tiyata da ma'ajiyar jini da kwalabar jarirai bakwaini duk ba su jure ɗaukewar lantarki. Man dizal ya yi tashin gwauron zabo tun 2022, aka janye tallafin fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, sa'an nan a watan Afrilu na 2024 aka ɗaga kuɗin wuta na masu rukunin A daga ƙasa da Naira 70 zuwa Naira 225 a kowane ma'auni. Manyan asibitocin koyarwa da dama suna cikin wannan rukuni. A 2024 har yanke wa Asibitin Koyarwa na Ibadan wuta aka yi saboda bashi. Asibitin da ba a ƙara masa kasafi ba, ba shi da inda zai huce sai a kan kuɗin gado da na gwaji. Ficewar ma'aikata ita ma ta ƙara nata nauyin. Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya faɗa a 2024 cewa likitoci wajen 16,000 sun bar ƙasar cikin shekara biyar, kuma asibitin kuɗin da yake son riƙe ƙwararre ɗaya tilas ya biya shi da tsoka.

To, amma faɗuwar kuɗi da tsadar mai sun sami ƙasashe da yawa. Abin da ya sa suka fi yi wa ɗan Nijeriya ciwo shi ne babu wata garkuwa tsakaninsa da kasuwa. Alkaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna cewa fiye da kashi 70 cikin 100 na dukkan abin da ake kashewa a kan lafiya a ƙasar nan daga aljihun majinyata da danginsu yake fitowa kai tsaye. A Abuja ne shugabannin Afirka suka yi alkawari a 2001 cewa za su ware wa lafiya kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗinsu, amma kasafin Gwamnatin Tarayya, mai masaukin taron, galibi tsakanin kashi 4 da 6 yake yawo. Mutum guda da ɗansa yake kwance ba shi da ikon taya magani. Hukumar da take saye wa mutum miliyan hamsin kuwa, ita kamfanoni ke bi suna rage mata. Rashin irin wannan babban mai saye ya bar magani yana ratsa hannun mai oda, da babban dillali, da ƙaramin dillali, da mai kemis, kowa yana ɗora ribarsa da kuɗin mota.

Inshorar lafiya ce ya kamata ta zama garkuwar. An kafa ta da doka a 1999, ta fara aiki a 2005, sa'an nan dokar 2022 ta wajabta ta a kan kowa. Duk da haka, zuwa ƙarshen 2024 waɗanda suke cikinta ba su kai kashi 10 cikin 100 na jama'a ba. Ma'aikatan da suke ciki ma sun san halin da aka shiga. An yi fiye da shekara goma ana biyan asibiti Naira 750 a wata a kan kowane mutum, sai a 2024 aka fara ƙarawa. Asibitin da aka ba kuɗin 2012 aka ce ya sayi magani a farashin 2023, abin da zai ce wa mai katin inshora shi ne maganin ya ƙare, ya je waje ya saya. A takarda ma'aikaci kashi 10 cikin 100 na kuɗin magani yake biya, amma sau da yawa shi yakan ɗauki nauyin duka, a daidai lokacin da hauhawar farashi ta wuce kashi 34 cikin 100 a ƙarshen 2024, ta lashe yawancin amfanin ƙarin mafi ƙarancin albashi daga Naira 30,000 zuwa 70,000.

Akwai kuma tsadar da tsada ke haifarwa. Wanda ya kasa sayen maganin hawan jini ko na ciwon sukari ba warkewa ya yi ba, jinkirta biya kawai ya yi. Ranar da aka kwaso shi da shanyewar ɓarin jiki ko ciwon ƙoda, abin da iyalinsa za su kashe a mako ɗaya ya fi kuɗin maganin shekara, kuma a nan ne ake sayar da gona da fili.

Gwamnati ba ta naɗe hannu ba. A watan Yuni na 2024 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a kan umurnin ɗauke harajin kwastan da na saye da sayarwa daga sinadarai da injunan haɗa magani har tsawon shekara biyu, ko da yake sai cikin 2025 Hukumar Kwastan ta fara aiki da shi. A 2025 kuma aka ba da sanarwar rage kuɗin wankin ƙoda daga Naira 50,000 zuwa 12,000 a wasu asibitocin tarayya. Matakai ne da suka cancanci yabo, sai dai na farko gajere ne, domin ba wanda zai zuba jarin gina masana'antar sinadarai bisa ga rangwamen shekara biyu. Na biyun kuwa ya tarbi cutar ne a ƙarshenta. Asusun kula da lafiya a matakin farko, wanda dokar 2014 ta kafa domin ɗakunan shan magani na unguwanni da ƙauyuka, inda ake iya kama hawan jini tun bai taɓa ƙoda ba, kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya dokar ta yanka masa a matsayin mafi ƙaranci.