Manchester United: sabon fili, tsohon bashi

A watan Maris na 2025 shugabannin Manchester United suka bayyana shirin gina fili mai ɗaukar mutum 100,000 a gefen Old Trafford, gidan kulob ɗin tun 1910. An ƙiyasta aikin zai lashe fam miliyar 2.

Magoya baya da dama ba su ƙi sabon fili ba, tunda rufin tsohon har yoyo yake. Abin da suke tambaya shi ne wa zai biya, kuma suna da hujja. A 2005 iyalin Glazer na Amurka suka sayi kulob ɗin da kuɗin rance, suka ɗora masa bashin, har yau bai fita ba. Bayan shigowar Jim Ratcliffe a 2024, an sallami ma'aikata 250, an kai kuɗin shiga wasu wasanni fam 66, har ga yara da tsofaffi.

A Jamus, dokar 50+1 ta bar rinjayen ƙuri'a a hannun mambobi a yawancin kulob-kulob. A Ingila babu ita. Don haka kafin a aza tubali, ya kamata magoya baya su samu rubutacciyar yarjejeniya kan farashin kujeru da iyakar bashi. In ba haka ba, talakan Manchester zai riƙa kallon filin daga waje.