Tafarkin Karantarwar Shehu A Ƙasar Gobir: Abin Lura Ga Malami Da Uban Yaro

  Ya 'yan'uwa Musulmi, a filinmu na wannan mako za mu yi magana a kan malami, da irin manufar da ya kamata ya zauna da ita a gaban ɗalibinsa.

Abin da ya jawo wannan magana shi ne, da yawa daga cikinmu, 'yan kasuwa da ma'aikatan gwamnati, mukan ɗauki malami ya riƙa zuwa gida da la'asar yana biya wa yara karatu, amma ba mu da abin da muke tambayarsa sai izu nawa yaro ya kai, kuma yaushe za a yi walimar sauka. A ƙasar Sabon Birni da Isa kuwa lamarin ya fi haka nauyi. Tun wajen shekarar 2019 'yan bindiga suka tashi ƙauyuka masu yawa, jama'a suka watse, waɗansu suka shigo gari, waɗansu suka nufi Sakkwato, waɗansu suka ƙetare iyaka zuwa jihar Maraɗi. Karatun yara ya yanke, har akan sami yaron da ya kusa balaga bai wuce babbaƙu ba. Malamin da aka kawo wa irin wannan yaro, idan bai san abin da yake nufi da karantarwa ba, bulala kurum zai sani.

To, ba sai mun je nesa neman abin koyi ba, domin a ƙarƙashin mulkin Alƙalawa, wadda kufanta yake nan kusa da Sabon Birni, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya yi yawancin karantarwarsa. An haife shi a Maratta a 1754, ya girma a Ɗegel, ya fara wa'azi yana ɗan shekara 20. Ya shafe kusan shekara 30 yana karantarwa kafin hijirarsa zuwa Gudu a 1804. Mun fi riƙe labarin yaƙe-yaƙen da suka biyo baya, alhali kuwa shekarun da ya yi a kan buzun karatu sun fi yawa nesa ba kusa ba.

Abu na farko shi ne niyya. Ɗansa Muhammadu Bello ya ba da labari a cikin Infaƙul Maisuri, wanda ya rubuta a 1812, cewa Shehu yakan ɗan tsaya kafin ya fito wurin jama'a domin ya sabunta niyyarsa, ya roƙi Allah Ya fahimtar da masu sauraro. Sa'an nan ya fito da sakin fuska, ya yi sallama, ya yi haƙuri da masu surutu da masu katse shi da tambaya. A lura da abin da yake roƙo, watau fahimtar ɗalibi. Malamin da burinsa a ce ya iya, da wanda burinsa yaro ya gane, ko da littafi ɗaya suke biyawa, aikinsu ba ɗaya ba ne.

Abu na biyu shi ne sauka zuwa inda ɗalibi yake. Shehu ya wallafa littattafansa da Larabci saboda malamai, amma talakawa da Hausa da Fulatanci yake yi musu wa'azi, ya kuma tsara waƙoƙi domin wanda bai iya karatu ba ya haddace hukuncin alwala da salla. A zamaninsa akwai waɗansu ɗalibai masu tare mutane da tambayoyin ilmin tauhidi masu zurfi, wanda ya kasa amsawa su kafirta shi. Shehu ya yi ta rubuce-rubuce yana yi musu raddi, yana nuna cewa imanin bagidaje ingantacce ne, kuma aikin malami shi ne ya ƙara masa sani. Wannan ya dace da tsarin da muka gada, inda ake fara yaro da babbaƙu, sa'an nan farfaru, kafin ya kama rubuta allonsa da kansa. A fiƙihu kuma a fara da Ƙawa'idi da Ahalari da Ishmawi, a bi ta Iziyya da Risala, kafin a taɓa Muhtasar. Ibnu Haldun, wanda ya rasu a 1406, ya yi bayani a Muƙaddimarsa cewa ilmi da sannu-sannu yake shiga, kuma tsananta wa yaro yakan koya masa ƙarya da yaudara, saboda tsoron duka.

Abu na uku shi ne, Shehu bai yarda a bar kowa a baya ba. A cikin Nurul Albabi ya zargi malaman da suke karantar da 'ya'yan mutane safe da yamma, suna barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci. Sa'ad da yake zagayen wa'azi a Zamfara, wani malami mai suna Mustafa Goni ya soki yadda mata suke halartar majalisinsa, sai ƙanensa Abdullahi ya ba da amsa da cewa barinsu cikin jahilci ya fi muni. 'Yarsa Nana Asma'u, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ita ta ɗora a kan wannan. Ta kafa 'Yan Taru, tana naɗa jajis da malfa da jan rawani, su koyi karatu a wurinta su kai wa matan ƙauyuka. Wanda ya ɗaukar wa 'ya'yansa maza malami ya bar mata a madafa, sai ya sake tunani.

Abu na huɗu shi ne hali. Abdullahi ya faɗa mana cewa Shehu ya lizimci malaminsa Usmanu Binduri kusan shekara biyu, ya karanta Muhtasar a wurinsa, ya kuma kwaikwayi tsoron Allahnsa da yadda yake horo da alheri. Haka nan ya saɓa wa babban malaminsa, Malam Jibrilu ɗan Umaru, a kan kafirta mai aikata manyan zunubai, amma bai taɓa daina girmama shi da yabonsa ba. A wajen 1788, a filin Idi na Magami, Sarkin Gobir Bawa Jan Gwarzo ya yi masa kyautar zinariya. Shehu bai karɓa ba, sai ya nemi a bar shi ya yi wa'azi, kada a hana kowa amsa kiransa, a mutunta masu rawani, a saki 'yan kurkuku, a sassauta wa talakawa haraji. Sarki kuwa ya amince. Sai dai kada wani mai rowa ya kafa hujja da wannan ya danne hakkin malamin 'ya'yansa, domin malaman Malikiyya sun halatta karɓar lada a kan koyar da Alƙur'ani. Abin da Shehu ya guje wa shi ne kyautar da take ɗaure bakin malami.

Akwai kuma labarin da ya shahara, cewa Yunfa, wanda ya zama Sarkin Gobir daga baya, ya zauna a gaban Shehu yana saurayi. Kowa ya san yadda suka ƙare, har Alƙalawa ta faɗi a 1808. Ba mun kawo wannan don fama tsohon miki ba ne, gama jikokin ɓangarorin biyu yau sahu ɗaya suke bi a masallaci, masifa ɗaya kuma take damunsu. Mun kawo shi ne domin malami ya san cewa isarwa ce tasa, shiriya ta Allah ce. Kada ya yi alfahari da ɗalibin da ya yi fice, kada kuma ya yanke ƙauna daga wanda ya gagara.

Saboda haka muna kira ga iyaye, idan za ku tambayi malami, ku tambaye shi ko yaro ya iya alwala, ko ya gyara Fatiharsa, ko ya san ma'anar abin da yake biyawa. Ku biya shi hakkinsa a kan kari, kuma kada ku matsa masa da zancen sauka, domin matsin iyaye ne yake sa malami ya wanke allon da bai zauna ba. Attajiranmu da manyan ma'aikata 'yan asalin Gobir da suke zaune a Sakkwato da Kano da Kaduna, wanda Allah Ya hore wa, ya ɗauki nauyin malami ko da ɗaya ne, wanda zai zauna da 'ya'yan 'yan gudun hijira, maza da mata. Malamai kuma, idan aka kawo muku babban yaro da bai san baƙi ba, kada ku kunyata shi a gaban ƙanana. Ku fara da shi daga inda ya tsaya.

Allah Ya kawo mana zaman lafiya a Gobir da Zamfara da sauran ƙasa baki ɗaya, Ya jiƙan malamanmu, Ya ba mu ilmi mai amfani, amin. Sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.