Mai Nakasar Farce A Duba Masa Ƙoda

Akwai wata cutar gado, ta mutum 1 cikin kimanin 50,000, wadda kan hana farce fitowa sosai, ƙoƙon gwiwa ya zo ƙarami ko babu, gwiwar hannu ta ƙi miƙewa. Jama'a kan ce halitta ce, a ƙyale. Wannan kuskure ne, domin wajen sulusin masu ita ƙodarsu kan taɓu, furotin na zuba cikin fitsari ba ciwo, wasu har ƙodar ta daina aiki. Uwa ko uba ɗaya ya isa ya gadar wa yaro.

Don haka 'yan'uwa mazauna Agege da Sabon Ibadan masu irin wannan alama su riƙa zuwa awon fitsari da hawan jini kowace shekara, su kuma guji ƙwayoyin ciwon jiki na 'yan talla. Kuɗin awo bai kama ƙafar na wankin ƙoda ba.